Mako Uku Ba Ji a Alƙahira

A mako na bakwai da saukata Alƙahira na'urar kunnena ta fara yi mini gardama. Da farko muryoyin mutane suka koma kamar ana magana a cikin randa. Bayan kwana biyu kuma sai dai in ga leɓe yana motsi.

Sunana Muntari, ɗan Malam Isyaku mai Islamiyya a Gwarzo. Sanƙarau ya kama ni ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ya tafi da kunnen hagu gaba ɗaya, ya rage mini kaɗan a na dama. Da wannan kaɗan ɗin na haddace Alƙur'ani, Malam yana biya mini a bakin kunne. Na'urar kuwa sai da na girma na same ta, Inna mahaifiyata ce ta sayar da saniyar gadonta aka saya a Kano. 'Yar aba ce da ke maƙale a bayan kunne, da siririyar waya da ta zagayo ta shige ciki, a bakin wayar akwai ƙaramar lasifika sanye da hular roba. Abin da ya kai ni Masar shi ne in karanta a gaban wani shehin ƙira'a in karɓi ijaza, wato shaidar izinin karantarwa. Na baro matata Rabi da ƙaramin ciki, na yi mata alkawarin zan dawo kafin ta haihu.

Bayan la'asar muke zama a wani ƙaramin masallaci, mu tara, kowa yana jiran layinsa. Karatu ne na baki da kunne: ka karanta, Shehi ya tsayar da kai ya gyara, ka maimaita. Ni kuma kullum da hirami a kaina, ya rufe kunnuwan, Shehi bai taɓa sanin akwai wata na'ura ba. Nan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Tun ina yaro na gaji da sunan kurma, kuma ina tsoron ya ce mai irin larurata ba ya karɓar ijaza.

Wata rana ina cikin Suratun Nisa'i, idona a rufe kamar yadda na saba, sai na ji an mintsine ni a cinya. Na buɗe ido na ga fuskar Shehi ta yi ja, bakinsa yana ta motsi, yana nuna mini ƙofa. A waje wani ɗalibi ɗan Mali ya rubuta mini a wayarsa abin da ya faru. Sau huɗu Shehi yana tsayar da ni ina wucewa. A ƙarshe ya ce, "In ka zo koya mini karatu ne, ni na gama nawa. Tashi."

Washegari na nufi kasuwar Ataba, don an ce mini babu abin lantarkin da ba a samu a can. Na sha yawo kafin in ga wani shago da aka rataye hoton kunne a ƙofarsa. Mai shagon yana zuƙar sigari, ya karɓi na'urar ya juya ta sau biyu, ko gwadawa bai yi ba. Na miƙa masa wayata ya rubuta:

"Wayar na'urar ta mutu. Ga sabuwa. Kowace na'ura tana ɗauka."

Na duba sabuwar, na ga ɗigon shuɗi a jikinta, alhali tawa ja ne. Na rubuta masa da Larabcina na littafi cewa launin ya bambanta. Ya karanta wa maƙwabcinsa a bayyane, suka yi dariya, sannan ya rubuta, "Ado ne kawai."

Na biya na tafi. A ɗaki na ga adon. Lanƙwasar wayar ta juya baya, ta kunnen hagu ce. Bakin da ke shiga jikin na'urar kuma bai ma yi kama da nawa ba, nawa siriri ne, wannan mai faɗi. Na koma da safe. Mutumin nan ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya nuna wata takarda a bango da ta ce ba a mayar da kaya. Da na tsaya na ƙi tafiya, sai ya kara tafinsa a bayan kunne yana karkata kai yana kwaikwayona, mutanen shagunan kusa suna kallo suna dariya. Ban ji dariyar ba, amma na gan ta, haƙora ne a ko'ina. Na jefar masa da wayar da ya sayar mini a kan kanta na fita.

Wannan Bamasare ne, bai san ubana ba, bai san garinmu ba. Haushinsa ya wuce mini a kwana uku. Wanda har yau in na tuna nake jin zuciyata tana tafasa, namu ne.

Alhaji Habu mutumin Kabo ne, ya fi shekara goma a Alƙahira. Aikinsa tarar marasa lafiya 'yan Najeriya a filin jirgi, ya sama musu masauki, ya kai su asibiti. A unguwarmu ta Hayyu Ashir, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, kowa ya san shi. Na same shi a wani gidan shayi, ya tashi ya rungume ni. In aka yi ihu a kunnena na dama ina tsintar magana, shi kuwa ya iya ihun.

"Ɗan Malam Isyaku! Ai Kabo da Gwarzo gida ɗaya ne! Ka zo garin nan ba ka neme ni ba, ka je kana ba Larabawa kuɗinka? Kawo ta nan. Ina da injiniya, wannan aikin yini ɗaya ne."

Wallahi sai da na ji ƙwalla. Wata biyu ban ga wanda ya ambaci sunan Malam ba. Na cire na'urar na sa masa a hannu, na haɗa da kuɗin da na ware na abinci.

Yini ɗaya ya zama kwana tara. Wanda bai taɓa tsallaka titin Alƙahira ba kunne ba, ba zai gane ba. Motocinsu da hon suke magana, ni kuma ba na ji. Sau ɗaya madubin wata ƙaramar bas ya dake ni a kafaɗa, direban ya leƙo yana zagi, na tsaya ina kallon bakinsa kamar wawa. Salla sai in riƙa satar kallon na kusa da ni don in san an yi ruku'u. Rabi tana rubuto mini saƙo, da ita babu matsala. Inna kuwa ba ta rubutu, murya take aikowa. Saƙonninta suka yi ta taruwa, in kara wayar a kunne in ji wani gunji can nesa, in ajiye. Na roƙi Rabi kada ta faɗa mata, don na san abin da ta rabu da shi kafin a sayi na'urar nan. Rabi ta riƙa ce mata karatu ne ya yi mini yawa.

Rana ta tara Alhaji ya kawo ta a cikin leda. An sa wata waya, an cusa bakinta da ƙarfi, an bi gefen da gam har ya yi fari. Hular robar ma wata iri ce, mai huji-huji. Na sa a kunne, ta ɗauki fito, siririn fito mai huda kai, muryar Alhaji kuma tana can ƙasa kamar daga rijiya.

"Alhaji, wannan ba ta yi ba. Fito take yi."

Ya girgiza kai cikin jimami, ya dafa kafaɗata, ya kawo baki kusa.

"Ban so in faɗa maka ba. Injiniya ya ce na'urarka lafiya lau take. Kunnen ne ya ƙara mutuwa. Sai dai aiki, kuma kada a daɗe. Ina da likita, zan yi maka magana ya rage maka. Ka kira gida su fara shiri."

Na ce ya ba ni tsohuwar wayar na'urar. Ya laluba aljihu ya fito da ita duk ta lanƙwashe, ya ce, "Me za ka yi da mushe?" Na karɓa dai na sa a ambulan.

Na yarda da shi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Kwana uku ina kwance ina lissafin yadda zan zama malamin da ba ya jin ɗalibinsa, da yadda ɗan da Rabi za ta haifa zai yi kuka ban sani ba. Har na fara rubuta wa Malam saƙo cewa a duba ko za a sayar da gonar bayan gari, na goge, na sake rubutawa.

Mai wake ne ya cece ni. A bakin layinmu akwai wani dattijo mai amalanke da ke sayar da dafaffen wake da gurasa kowace safiya. Ranar na zo saye da na'urar a kunne tana ta fitonta, sai ya ajiye ludayi ya tsare ni da ido. Ya ture hularsa gefe ya juyo mini da kunnensa. Irin tawa ce, sai dai tasa baƙa. Ya nuna tawa ya yamutsa fuska, ya girgiza yatsa. Ya yagi gefen jaridar da yake naɗe gurasa, ya rubuta adireshi da suna, Madam Mariyam, unguwar Shubra. Ya ƙara mini gurasa ɗaya, na miƙa kuɗinta ya ture hannuna.

Wurin yana hawa na uku a wani tsohon bene, ɗaki biyu ne kacal. Madam Mariyam dattijuwa ce Kirista, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunta, da tabarau rataye a wuya. Ba ta fara da na'urar ba. Ta shigar da ni ƙaramin ɗaki ta gwada kunnen, ta ce in nuna mata takardar gwajin Kano, na nuna mata hotonta a wayata. Ta jera su biyun, ta ɗauki biro ta rubuta da manyan baƙaƙe: "Kunnenka bai canza ba."

Na karanta sau uku. Na zauna ban san na zauna ba.

Sannan ta ɗauki na'urar ta sa a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Na ga ta taɓe baki, ta ɗago ta dube ni, ta rubuta, "Wane ne ya yi wannan?" Ta ce ina tsohuwar wayar, na miƙa mata ambulan. Ta zare hular robar, ta ɗauko wani ɗan tsinke ta soka a bakin lasifikar, ta zaro wani farin abu da bai kai ƙwayar gero ba, ya yi baƙi ƙirin da datti. Ta juya tsinken ta sa sabo. Ta buɗe durowa ta ɗauko wata na'ura irin tawa, ta jona tsohuwar wayata, ta haɗa da kwamfuta ta yi 'yan danne-danne, ta maƙala mini a kunne.

"Kana ji na, ɗana?"

Na ji ta. Na ji fanka tana juyawa, na ji wani yana sayar da iskar gas a ƙasa yana buga tukunya.

"Wayarka ba ta taɓa mutuwa ba," in ji ta. "Matatar ce ta toshe. Ita take tare dattin kunne kada ya shiga lasifika, ana canza ta lokaci-lokaci. A garinku ba su faɗa maka ba?"

An ba ni wani ɗan kwali a Kano ranar da aka saya, ban san na mene ne ba, yana can Gwarzo a cikin akwatin littattafaina. Wato abin da ya kore ni daga gaban Shehi, ya sa aka yi mini dariya a Ataba, ya kusa sa a sayar da gonar Malam, aikin minti ɗaya ne. Na ji kamar in tashi in fasa wani abu.

Ta nuna mini ɓarnar a gilashin. Wayar da mutumin Alhaji ya sa ta wani kamfani ce daban, bakinta ba ya shiga, shi ya sa ya danna har ya karya haƙoran soket ɗin ya rufe da gam. Ƙarfinta ma na mai ƙaramar larura ne, ni kuwa mai ƙarfi nake buƙata. Hular mai huji ita ce ke barin sauti ya tsiyayo ya koma cikin na'urar, fiton ke nan. Ni rufaffiyar hula ce tawa.

"Ɗauko littafinka," in ji ta. "Ba zan rubuta maka ba, da hannunka za ka rubuta."

Ta sa na karanto sunan kamfanin da samfurin daga cikin murfin batir. Ta nuna mini ƙananan baƙaƙen da ke jikin wayar, waɗanda shekara huɗu ina sawa ban taɓa lura da su ba: lamba ta tsawo, harafi na ƙarfi. Ja na dama ne, shuɗi na hagu, ba ado ba ne. Matatar dattin kunnen ma kowane kamfani da irin tasa, ko da ido ya ga sun yi kama. Batir kuma a duba lamba da launin takardar da ke manne a bayansa, nawa ruwan ƙasa ne.

"Duk wanda ya ce maka wani abu yana shiga kowace na'ura, karɓi kayanka ka fita. Kuma in abu ya ƙi shiga da sauƙi, ba nata ba ne. Kada ka bari a danna."

Tawa sai an aika wurin gyaran kamfanin, mako uku. Na fara cire wadda ta sa mini, ta riƙe hannuna.

"Tafi da ita. In taka ta dawo ka kawo mini."

"Madam, ba ki san ni ba. Ko fasfona ba ki gani ba."

"Na ga kunnenka. Je ka."

A kan matakalar benen na zauna na buɗe saƙonnin Inna, guda goma sha huɗu. Na farkon labarin gida ne, akuya ta haihu, an yi ruwa a Madadi bai iso mu ba. Daga tsakiya muryar ta fara sanyi. A na ƙarshe ta ce, "Muntari, ko wani laifi na yi maka ne? In na yi, ka yi haƙuri. Ko sallama ce ka aiko in ji muryarka." Mutane suna hawa suna sauka suna raɓa ni, ban iya tashi ba. Na kira ta a nan, na faɗa mata komai.

Alhaji Habu kuwa da na kira shi, cewa ya yi, "Kai, injiniyan nan ya cuce mu duka!" Na ce to likitan aikin fa, shi ma injiniyan ne ya kawo shi? Ya ce yana tare da marar lafiya, zai kira ni. Bai sake ɗaukar wayata ba, in ya hango ni a gidan shayi sai ya bi ta ɗaya ƙofar.

Na koma wurin Shehi, na jira aka tashi, na cire hiramin a gabansa na nuna masa. Ya daɗe yana kallona.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Tsoro, ya Shehi."

"Tsoron me? Malamina makaho ne. Ka ɓata wa kanka lokaci, ka sa na zalunce ka."

Ya riga ya ba wani gurbina, kuma ba ya korar ɗalibi don wani. Sai bayan azumi aka samu wuri. Ya zaunar da ni dab da shi, in na yi kuskure ya dafa gwiwata. Na karɓi ijazar, amma da ƙarin wata biyar a kan abin da na tsara. Rabi ta haifi 'yarmu ba na nan. A waya na ji kukanta, a waya aka raɗa mata suna, ƙanina ne ya yanka ragon.

Bayan dawowata da 'yan watanni muka je ta'aziyya Kabo ni da Malam. Muna zaune a tabarma a ƙofar gidan sai ga Alhaji Habu, ya zo ganin gida, cikin farar babbar riga yana ƙamshin turare, mutane suna ta matsa masa. Aka yi addu'a aka shafa. Sai na ga wani dattijo mutumin Masanawa, Malam Buba, ya matsa kusa da shi yana kwance ƙullin hankici. Na'urar kunne ce a ciki.

"Ta mai ɗakina ce, Alhaji. Ta daina yi. An ce kai ne ka san inda ake gyarawa a can."

"Kawo, Baba. Ina da injiniya."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na durƙusa gaban dattijon na ce, "Baba, don Allah in gani." Tasa irin mai bututun roba ce, ba mai waya ba. Bututun ya bushe ya tsage a gindi, ana gani da ido. Na buɗe murfin batir na karanto sunan da samfurin, na rubuta masa a takarda.

"Wannan ba sai ta je Masar ba. Bututun ne ya tsage. Ranar Litinin zan shiga Kano, ka zo da mai ɗakin naka mu tafi tare, a gwada kunnenta a sa mata wanda ya dace a gabanku. Kada ka ba kowa ita ya tafi da ita."

Alhaji ya yi 'yar dariya ya ce, "Malam Muntari ke nan. Ashe an zama likita."

"A hannunka na koya, Alhaji. Kai ka karya mini tawa ka liƙe da gam, ka ce kunnena ya mutu a kira gida a haɗa kuɗin aiki. In ƙarya na yi, ga mutane, ka faɗa."

Ya gyara hula, ya dubi Malam, ya miƙo mini hannu.

"Abin da ya wuce ya wuce. A gidan rasuwa muke, a yafi juna."

Na dubi hannun, na ƙulle wa Malam Buba hankicinsa na miƙa masa, na koma wurina na zauna.

A hanyar Gwarzo, da muka kusa gida, Malam ya yi mini magana. Ya ce hana dattijon ba da na'urar daidai ne, faɗin gaskiya ma daidai ne, amma barin hannun Musulmi a miƙe ba tarbiyyarsa ba ce. Ya ce in yafe. Na ce masa zan yi ƙoƙari, kuma ba ƙarya na yi masa ba. Shekara biyu ke nan ina ƙoƙarin, har yau ban kai ba.